Kwamfutar Marigayi Ta Ƙi Tashi

Da yammacin wata Talata, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Umma ta dawo daga ƙaramin asibitin da take aikin ba da magani. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta tarar da yayanta zaune a falo, kwamfutar marigayi mijinta a kan cinyarsa. Wani shuɗin layi yana jan jiki a kan allon kamar ba ya son isa inda za shi. 'Yarta tilo, mai shekara goma sha huɗu, ta dogara da hannun kujera tana leƙe.

Yarinyar ce ta jawo zancen tun farko. An ba su wani aiki a makaranta wanda sai da sabuwar manhaja ake yinsa, tsohuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar kuwa ta ce ita ba ta san wannan ba. Wata guda ana fama, Umma tana cewa a'a, yarinya tana kumbure-kumbure. Ba rowa ce ta hana Umma ba. A cikin kwamfutar nan akwai murya arba'in da ɗaya da marigayi ya ɗauka a watannin jinyarsa na ƙarshe, bayan hannunsa ya daina riƙe biro. Akwai nasiha ga 'yarsa, akwai labaran yaran firamaren da ya koyar, akwai tsokanar matarsa, da tari, da dariya, wani wurin ma numfashinsa kawai ake ji. Shekara huɗu ke nan, duk yamma, tsakanin dawowarta daga aiki da kiran magariba, Umma takan zauna a kujerar bakin taga ta kunna guda ɗaya. Guda ɗaya tak, kamar yadda take gaya wa marasa lafiya su sha ƙwaya. In ta kai ta ƙarshe ta koma ta farko. Ba ta da su a waya, ba ta da su a ko'ina, domin ba ta taɓa barin hannun kowa ya hau kwamfutar ba.

Da wani ne ya ce zai taɓa ta, da ko kallo bai ishe ta ba. Amma Yaya ne. Shi ya riƙe ta tun rasuwar iyayensu, shi ya sa ta a makaranta, shi ya tsaya a kan jana'izar mijinta. Shekara ashirin yana gyaran kwamfuta a wani ɗan shago da ke layin masu sayar da waya, kuma yana da wata ƙa'ida da yake maimaitawa har ta gunduri mutane: kafin ka taɓa na'urar mutum, kwashe masa kayansa ka ajiye gefe. Ko gaisuwar mara lafiya kuka je tare, kafin ku dawo sai ka ji ta.

"Yaya, ka dai kwafe su ko?" in ji Umma, ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Haba Auta, yau kuma ni za ki koya wa aikina?" Ya daki aljihun rigarsa. "Suna nan cikin filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, arba'in da ɗaya cif. Sai da na ƙirga."

Layin ya cika. Kwamfutar ta mutu da kanta don ta sake tashi, yadda suke yi. Allon ya yi haske, ya koma baƙi, sannan wasu 'yan kalmomin Turanci farare suka fito a kusurwar sama suka tsaya cak. Yaya ya kashe ya kunna, kalmomin suka dawo. Sai da ya yi haka sau uku.

"Me take cewa?"

"Wai ba ta ga inda za ta tashi ba. Kar ki ɗaga hankalinki. Gida yana nan, kaya suna ciki, ƙofar ce kawai ta ɓace mata. Sabuwar manhaja takan yi wa tsofaffin na'urori haka. Gobe in sa ta a gaba a shago, jibi ki ga abarki."

Ya naɗe caja, ya zura kwamfutar a jaka. Umma ta raka shi bakin ƙofa tana kallon jakar kamar da mutum aka fita a cikinta. Da ta dawo, ƙafafunta da kansu suka kai ta kujerar bakin taga. Ta zauna, babu abin kunnawa. Hasken da ya rage a bango ya yi ta janyewa, tsuntsayen bishiyar bayan gida suka yi shiru tun lokacinsu bai yi ba. Ana gab da kiran salla sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya faɗi a tsakar gida. Yarinyar ta fita ta ɗauko. Ɗan dutse ne baƙi, bai fi ƙwai ba, da ɗumi a jikinsa kamar yanzu aka zare shi daga hannun mutum.

Umma ta ce yaran unguwa ne, ta jefar.

Washegari duwatsu uku suka faɗo, a kwana na uku bakwai. Ba sa zuwa da rana, ba sa zuwa in duhu ya shiga. Lokacinsu ɗaya ne, daidai sa'ar da Umma ta saba kunna muryar, kuma da ladan ya ɗaga murya suke tsayawa. Maƙwabta suka hau katanga, suka zagaya layin baya, ba su ga ko kyanwa ba. Wani maƙwabci mai son a san ya yi boko ya ce zafin rana ne ke sa kwano ƙara in ya fara hucewa. Yana cikin bayanin nan dutse ya sauka a gaban takalminsa, ya tuna ya bar ruwa a kan wuta.

A kwana na huɗu Umma ta dawo ta tarar an juya kujerar bakin taga, ta fuskanci teburin da kwamfutar ke zama. Ta gyara ta, ta shiga kicin, ta fito ta tarar an sake juya ta. A kwana na biyar, tana tsaye a tsakiyar falo, ta ji gyaran murya daga jikin bangon da ke ƙarƙashin tagar, irin gyaran muryar baƙon da ya gaji da jira amma kunya ta hana shi magana. Tsigar jikinta ta tashi. Ta ji tsoro ƙwarai, amma ta danne, don kada yarinyar ta gani a fuskarta.

Ashe yarinyar ta riga ta yi nisa. Ta rage cin abinci, ta daina surutun nan nata da ba ya ƙarewa. Da yamma ta yi sai ta je ta zauna a kujerar, ta miƙa yatsa ɗaya tana danna saman teburin da babu komai a kai, tana dannawa tana saurare. In an kira ta sai ta juyo a hankali, ta dubi mutum kamar tana son tuna inda ta san shi.

Duk kwanakin nan Umma tana kiran Yaya safe da yamma. Yau ya ce ana kai, gobe ya ce wani abu yake jira a kawo masa. Ranar Asabar ta gaji ta tafi shagon da ƙafarta. Ta same shi a cikin tarkacensa, allunan da suka fashe jingine a bango, ƙananan kusoshi a murfin gwangwani, warin dalma ya cika wurin. Kwamfutar marigayi tana can saman kanta, a rufe, an ɗora mata tsumma. Yaya ya yi ta hidima da ita, ya jawo kujera, ya kunna mata fanka, amma idonsa bai yarda ya haɗu da nata ba. Ta ce to ya ba ta filas ɗin, za ta ari kwamfutar wurin aiki ta saurara. Ya ce ya bar shi a gida, a aljihun wata riga.

A hanyar dawowa tausayinsa ma ta ji. Ta ce a ranta, aikin ne ya fi ƙarfinsa, kunya ta hana shi faɗa, babba da shi. Har ta yi niyyar daina matsa masa.

A kwana na tara yarinyar ta faɗi. Tana zaune a kujerar, sai jikinta ya sandare, ta zame ƙasa, idanunta a buɗe ba sa ƙiftawa. Umma ta yi abin da ta iya, ta taɓa goshi, ta auna bugun jini, ta haska ido. Komai daidai. Sai bakin yarinyar ya buɗe, wata murya ta fito, muryar tsohuwa, a shaƙe kamar ta daɗe ba ta yi magana ba.

"Kunna."

Kalma ɗaya ce, ba ta ƙara ba. Da aka kira salla yarinyar ta saki jiki ta yi barci. Da safe Umma ta kai ta wurin likitan da suke aiki tare, ya yi duk gwajin da zai yi, ya cire tabarau ya ce shi bai ga komai ba. Da yamma abin ya dawo, ya fi na jiya daɗewa. Umma ta kira Yaya tana kuka, shi kuwa ya ce kada ta damu, ya san wani malami, gobe zai zo da shi da kansa.

Malamin dattijo ne siriri, mai farin gemu da ƙaramar murya, ba ya ɗauke da komai sai carbi da gorar ruwa. Bayan la'asar suka iso shi da Yaya. Ya zauna a kan darduma, ya saurari labarin tun daga ranar Talata bai katse ba, ya sa aka kawo masa duwatsun ya jujjuya su a tafin hannu. Sannan ya ce a shimfiɗa wa yarinyar tabarma, uwar ta zauna wajen kanta, kawun ya riƙe ƙafafu. Suka zauna suna jiran lokacin. Inuwar ƙarfen taga ta yi ta tsawo a kan siminti har ta hau tabarmar.

Da dutsen farko ya sauka, Malam ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba, bai yi sauri ba. Yarinyar ta fara murɗawa, ta toshe kunnuwa, ta banƙare har sai da Yaya ya sa ƙarfinsa duka. Duwatsu suka yi ta zuba a kan kwano. Can sai komai ya tsaya lokaci ɗaya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni." Muryar tsohuwar ce.

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. A kogon bangon nan nake, ƙarƙashin taga. Tun kafin a rufa gidan nan nake wurin, ban taɓa ɗaukar ko allurarsu ba."

"To me ya kai ki jikin marainiya?"

"An yi mini shiru." Kan yarinyar ya juya wajen teburin. "Dangina sun watse, Malam, babu wanda ya waiwaye ni. Mutumin nan ne kaɗai. Tun yana raye nake sauraronsa. In zai fara yakan ce, da wanda nake gani da wanda ba na gani, a nutsu. Da ya mutu matar nan ta ci gaba da kunna mana. Ita a kujera, ni a bango. Ban nemi komai ba sai wannan."

Umma ta dafe baki. Haka marigayi yake fara kowace murya, ita kuwa duk shekarun nan ta ɗauka barkwancin malaman firamare ne.

"Ki ji tsoron Allah," in ji Malam. "Ba wanda ya hana ki da gangan. Na'ura ce ta lalace, tana wurin gyara. Ki fita, in ta dawo kya ji abinki daga bangonki."

Sai tsohuwar ta yi dariya. Dariyar ba ta da ƙarfi, amma ta fi duwatsun ban tsoro.

"Wurin gyara. Na bi jakar, Malam. Ina kan kanta a shagon ina kallo. Tun washegari abin ya tashi, na ji muryarsa da kunnena. Ka tambayi wanda ke riƙe da ƙafafun nan me ya yi bayan nan."

"Ba a karɓar shaidarku," in ji Malam, bai ko ɗaga kai ba. "Ƙaryarku ta fi gaskiyarku yawa. 'Yata, kada ki saurare ta, so take ta raba ki da ɗan'uwanki."

Umma ta gyaɗa kai. Ta yarda da Malam. Ta juya ne kawai don ta nuna wa Yaya cewa ba ta ɗauki maganar ba, sai ta ga hannayensa sun saki ƙafafun yarinyar, sun zube a kan cinyarsa, kansa a ƙasa.

"Yaya," ta ce a hankali, "ce ƙarya take yi."

Bai ɗago kai ba.

"Yaya, kalma ɗaya ce. Ka faɗa, wallahi na yarda."

Da ya buɗe baki, da tabarmar yake magana.

"Washegari da safe na gyara ta. Ko minti ashirin ba a yi ba. Na shiga saitinta tun kafin ta tashi, na ga sabuwar manhajar ta ture faifan ajiyar baya, na dawo da shi gaba, na sa filas ɗin gyara na ɗinke mata wurin tashin. Ta tashi lafiya lau. Sai na ce bari in duba ko kayan suna nan. Na kunna guda ɗaya. Na ji shi yana tari yana ce miki ki zo ki zauna kusa da shi." Ya murza bakin tabarmar da yatsa. "Auta, shekara huɗu kina zaune. Kin daina zuwa wurin kowa. Yarinyar nan ta dawo da magana a bakinta, ki ce ta bari sai Abba ya gama. A gabana kin yi mata haka ba sau ɗaya ba. Na ce wannan ba ajiya ba ce, kabari ne a tsakiyar falo. Sai na goge."

Umma ta ji maganar, amma ba ta shige ta ba tukuna. Ta kama igiyar da ta rage mata.

"Ai ka ce abin da aka goge ba ya mutuwa. Da bakinka ka gaya mini. Ka ce yana nan kwance a ƙasa, ana tono shi."

"Sai in ba a rubuta wani abu a kansa ba." Muryarsa ta kusa ɓacewa. "Na bi kansa na rubuta. Sau biyu. Har filas ɗin. So nake in ce miki sabuwar manhajar ce ta cinye su, kullum in ɗauki waya bakina ya ƙi."

A nan ta gane. Ba kuskure ba ne, ba hannu ne ya zame ba. Mutumin da ya fi kowa sanin yadda ake ceto abu shi ya zauna ya bi duk hanyar ceton ya toshe, ɗaya bayan ɗaya, da ƙwarewar shekara ashirin. Sannan ya kunna mata fanka, ya bar ta ta koma gida tana tausayinsa. An ci amanarta, kuma a inda ba ta taɓa sa mai gadi ba. In da amana, ruwa ba zai dafa kifi ba. Abin da ya ƙara mata ciwo shi ne, maganarsa a kan yarinyar ba ƙarya ba ce.

"Kin ji ko?" in ji tsohuwar, muryar ta yi laushi. "Ni da ke aka cuta. Amma ni ba faifai ba ce, ba a rubutu a kaina. Duk arba'in da ɗayan suna wurina, har tarin. Maƙogwaron yarinyar nan irin na ubanta ne, shi ya sa na zaɓe ta. Ki bar ni a ciki. Da rana taki ce, ta je makarantarta. Da yamma ki ara mini ita na ɗan lokaci, in kunna mana."

Kafin kowa ya yi magana, bakin yarinyar ya sake buɗewa.

"Mutuniyar, kin dawo? Zo ki zauna, yau kin sha tsayuwa."

Shi ne. Ba kama ba ce, shi ne, har da ɗan tarin da ke biyo bayan maganar, har da yadda yake jan ƙarshen kalma in yana tsokanarta. Bai ma taɓa fitowa daga kwamfutar da kyau haka ba. Yaya ya ja da baya har ya bugi bango. Carbin Malam ya tsaya a hannunsa.

"'Yata," in ji Malam, "wannan ba mijinki ba ne, kin sani. Amma ba zan ɓoye miki ba. In uwa ta buɗe ƙofa, karatuna ba zai rufe ta ba. Ke za ki faɗa."

Da za a ce Umma ta yi tsalle ta ce a'a, da an yi mata ƙarya. Ta so abin. Ta so shi har cikin ƙashinta. Kwana goma sha ɗaya ba ta ji muryar nan ba, kuma yanzu ta san ba za ta ƙara ji ba sai ta wannan hanya. Ta sunkuya a kan fuskar 'yarta, hawaye yana ɗiga daga haɓarta.

"Sake faɗa," ta ce.

Malam ya runtse ido. Muryar ta sake fitowa, kalmomin nan dai, da tarin. Amma wannan karon Umma tana kusa, ta ga abin da ba ta gani ba da farko. Ta ga jijiyoyin wuyan yarinyar sun miƙe suna rawa don su ɗauki muryar namiji. Ta ga leɓɓanta sun bushe sun tsage, ƙashin wuyanta ya fito. Da tarin ya zo, wani ɗan jini ya biyo gefen bakin. Daga kusurwar idon da ba ya ƙiftawa kuma hawaye ɗaya ya gangara ya shige kunne. Yarinyar tana ciki, tana ji, ba ta da bakin magana, domin an ce ta bari sai Abba ya gama.

Umma ta sa gefen mayafinta ta goge jinin.

"Fita," ta ce.

"Ki yi tunani," in ji tsohuwar da muryarta ta farko. "In na fita, da muryar zan tafi. Babu sauran mai ita a duniya."

"Na sani. Fita daga jikin 'yata."

Sannan Malam ya karɓi alkawari sau uku daga tsohuwar, cewa ba za ta dawo jikin yarinyar ba, ba za ta zauna a bangon ba, ba za ta ƙara jifa ba. Tsohuwar ta amsa duka, a gajiye. Ta ce abu ɗaya take roƙo, a buɗe mata tagar, ba ta son fita ta ƙofar da aka fita da jakar. Umma ce ta tashi ta buɗe da hannunta.

"Kin zauna da ni shekara huɗu ba ki sani ba," in ji muryar, ta yi nisa kamar daga ƙasan rijiya. "Ki yafe mini yarinyar."

Malam ya ci gaba da karatu, ya yayyafa ruwan gorar. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, babban yatsan ƙafarta ya karkaɗa ya tsaya. Labulen tagar ya kumbura waje, alhali babu iska, sannan ya dawo ya kwanta. A daidai lokacin ladan ya kira salla.

"Umma," in ji yarinyar da muryarta, a dishe, "ruwa."

Da Malam zai tafi ya bar wa Umma abin da za ta riƙa karantawa safe da yamma. A bakin ƙofa ya tsaya yana neman takalminsa, ya dubi Yaya da ke raɓe a jikin bango, ya ce, "Kai kuma naka ba ni ke cire shi ba."

Jifa bai ƙara dawowa ba. Kujerar ta zauna inda aka ajiye ta. Yarinyar ta koma cin abinci, a kwana na biyu har ta fara mita a kan aikin makarantar da ya wuce ta. Umma takan dawo daga aiki ta zauna da ita a kicin, tana sauraron labarin wadda ta yi faɗa da wadda a aji. Amma in lokacin nan ya yi, takan ji kunnenta ya miƙa da kansa wajen falo, ya dawo babu komai. Ta gwada tuna muryar da ka, sai ta tarar kalmomin suna nan, sautin ne ke zamewa.

Ranar Juma'a ta gaba da hantsi Yaya ya zo da jakar. Ya ɗora kwamfutar a tebur ya danna maɓalli, kafin ƙiftawar ido ta tashi, allon fes, babu komai a kai sai sabuwar manhaja. Yarinyar ta gaida kawunta, ta ɗauke ta ta shige ɗaki. Shi kuwa, mai furfura da shi, sai ya durƙusa a gaban ƙanwar da ya goya.

"Auta, don ke na yi. Allah ya sani don ke na yi."

"Na sani, Yaya. Tashi, ba kyau."

Bai tashi ba.

"Wataƙila ma," in ji ta, "da ka zaunar da ni ka gaya mini abin da ka faɗa ranar nan, da na yi kukana na miƙa maka da hannuna. Wataƙila kuma in ƙi. Yanzu ba ni da hanyar sani, kai ma ba ka da ita." Ta dubi tagar, ta dawo da ido kansa. "Tsohuwar nan ta jefe mini gida, ta kwantar mini da 'ya. Amma da ta zo kan muryar, sai da ta tambaye ni. Kai ba ka tambaye ni ba."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kore shi ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta tashi ta shiga kicin. Tun ranar da aka kawo ta gidan nan, in Yaya ya zo da kansa yake buɗe firij ya sha ruwa a bakin gora yana tsaye, tana yi masa faɗa yana dariya. Yau sai ta buɗe kabad ɗin sama, ta ciro kofin gilashin da take ajiye wa baƙi, ta wanke, ta ɗora a faranti, ta kawo ta ajiye a gabansa.

"Bismillah," ta ce. "Ya mutanen gida?"

Ya daɗe yana kallon kofin kafin ya miƙa hannu.